Jiragen ƙasa na cikin filayen jirgin sama da kwangilar da ke riƙe da su

Ɗan kasuwar Yamai da ya saba sauka Dubai, da ɗalibin da ya taɓa canza jirgi a filin Charles de Gaulle na Pari, da mai Umra da ya bi ta sabon ginin filin jirgin Jidda, duk sun san wannan ƙaramin jirgin ƙasa da ake shiga bayan an sauko daga jirgin sama, wanda yake kwasar fasinjoji daga wani gini zuwa wani. Ba shi da direba, galibi ba a biyan ko dala kafin a shige shi, kuma kafin mutum ya gama gyara riƙon jakarsa an iso. Saboda gajartar tafiyar da sauƙinta, mai shiga ba ya kawo wa ransa cewa a bayan wannan jirgi akwai wata kwangila mai kauri tsakanin hukumar filin jirgin da kamfanin da ya ƙera shi, wadda ita ce take fayyace wanda zai tashi da tsakar dare idan ƙofa ta ƙi rufuwa, da wanda zai biya kuɗin kayan gyara, da wanda za a ci tara idan fasinjoji suka maƙale a hanya. A ganina ainihin tsadar irin wannan na'ura da tsawon ranta a cikin wannan kwangila ta kulawa suke, kuma lokacin da mai saye yake da ƙarfin neman sharuɗɗa masu kyau ɗaya ne tak, wato kafin ya tsayar da kamfanin da zai ƙera masa.

Filin jirgin sama na Diori Hamani da ke Yamai ba ya buƙatar irin wannan jirgi a yau, domin tazarar da fasinja yake yi a cikinsa ba ta fi ƙarfin ƙafa ko bas ba. Duk da haka batun ya shafe mu, saboda irin takardar da ake rubuta wa jirgin ita ake rubuta wa bel ɗin da ke zagayo da kaya, da na'urar binciken jakunkuna, da gadar da ake jonawa a ƙofar jirgin sama, da manyan injinan wuta, har da na'urorin ɗaukar hoton cikin jiki a asibitocinmu. Jirgin filin jirgin sama shi ne inda matsalar ta fi fitowa fili, shi ya sa ya fi daɗin koyo a kansa.

An fara amfani da irin waɗannan jirage a filin Tampa na Amurka a 1971, kamfanin Westinghouse ne ya ƙera su. Atlanta ta samu nata a 1980, filin Gatwick na Ingila ya biyo baya a 1983. Tun daga farko aka bi wata hanya dabam da ta jirgin ƙasa da muka sani. A layin dogo na yau da kullum, faɗin da ke tsakanin ƙarafunan biyu sananne ne, a mafi yawan ƙasashe milimita 1,435 ne, saboda haka hukumar da ta sayi taragu a Faransa bana tana iya sayen wasu a Sin baɗi, su bi layi ɗaya. Jirgin filin jirgin sama kuwa mafi yawansa a kan tayoyin roba yake tafiya bisa hanyar siminti, wani kuma igiyar ƙarfe ce take jan sa, kuma kowane kamfani da nasa fasalin hanyar, da nasa ƙarfen da ke riƙe tarago kada ya kauce, da nasa salon ba da wuta, da tasa manhajar da ke tuƙi. Tarago na Mitsubishi ba zai hau hanyar da aka gina wa na Siemens ba, na Doppelmayr kuma ba shi da ko injin kansa, yana dogara da igiyar da ake juyawa daga tasha. Kamfanonin da suka yi suna a wannan sana'a ba su fi a ƙirga da yatsu ba: Alstom na Faransa, Mitsubishi na Japan, Siemens na Jamus, Doppelmayr na Ostiriya, sai Leitner-Poma. Ranar da aka zuba simintin hanya, ranar ce gasa ta ƙare, domin daga nan har shekara 25 ko 30 mai filin jirgi ba shi da wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa sai ta wanda ya ƙera. Mutanen karkarar Tawa sun san wannan hali a kan famfunan rijiyar burtsatse: garin da aka kafa wa famfo samfurin Vergnet ba ya amfana da kayan samfurin India Mark II ko da suna jibge a kasuwa, kuma idan mai sayar da kayan Vergnet ya yi nisa, sai mata su koma tsohuwar rijiya alhali famfon yana tsaye.

Wani abin da ke ƙara ɗaure kai shi ne kamfanin da aka ƙulla da shi ba lallai ne ya zauna yadda aka san shi ba. Sashen sufuri na Westinghouse ya koma hannun AEG na Jamus a 1988, ya shiga cikin Adtranz a 1996, Bombardier na Kanada ya saye shi a 2001, sannan Alstom ya saye sashen jiragen ƙasa na Bombardier a watan Janairun 2021. Filin jirgin da ya sayi jirginsa daga Westinghouse ya ga sunan da ke saman takardar biyan kuɗi ya canza sau huɗu. Saboda haka kwangilar kirki takan faɗi ƙarara cewa duk wanda ya gaji kamfanin ya gaji alkawuransa, kuma ba za a miƙa kwangilar ga wani ba sai da yardar mai filin.

Kwangilolin kulawa sun bambanta ne gwargwadon nauyin da mai filin ya sauke wa kamfanin. Akwai wadda ake damƙa masa komai, ma'aikatansa ne a ɗakin sarrafawa, su ne a garejin gyara, su suke sayen kaya, mai filin kuma yana biyan wani tsayayyen kuɗi kowane wata yana sa ido a kan sakamako. Wannan tsari ya yawaita a Amurka da ƙasashen Larabawa, kuma akwai inda aka faɗaɗa shi ya haɗa da ginin kansa, kamar yadda filin Los Angeles ya yi a 2018 da ya ba gungun kamfanonin LINXS kwangilar shekara 30 ta dalar Amurka miliyan dubu 4.9 don su tsara, su nemo kuɗi, su gina, su tafiyar, su kula. Ko a can ma ranar buɗewa da aka sa ta 2023 ta wuce ba a buɗe ba. Akwai kuma inda mai filin ba ya ƙulla komai bayan garanti ya ƙare, sai abu ya lalace ya aika a sayo, wanda shi ne mafi araha a shekarun farko kuma mafi hatsari daga baya, tunda mai neman kaya jirginsa na tsaye ba ya ciniki. Tsakanin waɗannan biyu akwai kwangilar tallafin fasaha da samar da kayan gyara: ma'aikatan filin jirgin, ko wani kamfanin gida, su ne suke tafiyar da jirgin da dubansa na kullum, shi kuwa maƙerin ya ɗauki alkawarin ajiye injiniya ɗaya ko biyu a wurin, da amsa kira dare da rana, da kawo kaya cikin wa'adi, da gyaran abin da ya fi ƙarfin garejin gida, da sabunta manhaja, da horar da ma'aikata. Wannan ta tsakiya ita ce ta fi dacewa da ƙasa irin tamu, amma ita ce kuma ta fi wuyar rubutawa, domin nauyin ya rabu biyu, kuma duk inda nauyi ya rabu, ranar da jirgi ya tsaya kowa zai nuna ɗan'uwansa da yatsa.

Zuciyar kowace irin kwangila ita ce ma'aunin da ake biya a kansa, wato kashi nawa cikin ɗari na lokacin da aka tsara jirgin ya yi aiki ya yi shi da gaske. A wannan sana'a abin da ake nema yakan haura kashi 99, kuma bambancin da ke bayan ɗigo yana da girma fiye da yadda ido yake gani. Shekara tana da awa 8,760. Idan jirgi yana aiki dare da rana kuma aka ce kashi 99.5, an yarda ke nan ya tsaya kusan awa 44 a shekara ba tare da an ci kowa tara ba, idan kuwa aka ce kashi 99.9, abin da aka yafe bai kai awa 9 ba. Sai dai lambar kaɗai ba ta gaya wa mutum komai sai ya karanta yadda ake ƙirga ta. Awa 44 da aka warwatsa mintoci-mintoci cikin dare ba ta cutar da kowa, amma awa uku a jere da safe, lokacin da jirage goma suke shirin tashi, tana iya hargitsa filin gaba ɗaya. A Denver, inda aka buɗe filin a 1995, biyu daga cikin gine-ginen shiga jirgi ba su da hanyar ƙafa daga babban gini, sai ta wannan jirgi, saboda haka tsayawarsa tsayawar filin ce. Mai rubuta kwangila da ya san aikinsa yakan ba lokacin cunkoso nauyi fiye da lokacin da filin yake shiru, yakan sa tara ta musamman ga duk tsayawar da ta wuce wasu mintoci a jere, kuma yakan fayyace ko jirgi ɗaya yana tafiya ɗaya yana gareji za a ƙirga shi cikakken aiki ko rabi.

Daga nan sai jerin abubuwan da aka cire daga lissafi, kuma a nan ne yawancin gardama take. Idan fasinja ya sa ƙafa ya hana ƙofa rufuwa, ba laifin kamfani ba ne, kowa ya yarda. Idan jami'an tsaro suka ce a tsayar, haka nan. To idan ƙofar ta ƙi rufuwa saboda ƙura ta rufe idon na'urar da ke lura da ita fa? Kamfani zai ce an gaya wa ma'aikatan filin su riƙa gogewa ba su goge ba, ma'aikata kuma su ce an kawo musu na'urar da ba a yi ta don ƙurar Sahel ba. Idan wutar gari ta ɗauke, aka koma kan injin, jirgin ya ƙi tashi da kansa sai da aka je aka sake kunna kowane tarago da hannu, mintocin farko na mai ba da wuta ne, amma na bayansu na waye? Duk abin da ba a rubuta ba tun farko, mai filin ne yake ɗaukar sa, domin shi ne fasinjoji suke yi wa ihu. Ita kanta tarar galibi tana da rufi, wani kaso ne na kuɗin wata da ba a wuce shi, kuma idan rufin ya yi ƙasa sosai, akwai lokacin da biyan tara zai fi wa kamfani sauƙi a kan turo injiniya da kaya ta jirgin sama. Maganin wannan shi ne a rubuta cewa idan aka kai rufin wata da watanni a jere, mai filin yana da ikon soke kwangilar ko ya kira wani ya yi aikin a cire daga kuɗin kamfanin.

Yana da kyau a leƙa garejin da dare, domin a can ake ganin abin da waɗannan sharuɗɗa suke nufi. Bayan jirgin sama na ƙarshe ya sauka, akan janye tarago ɗaya a tsayar da shi a kan ramin dubawa. Makaniki ya shiga ƙarƙashi da fitila, ya auna iskar tayoyi da abin da ya rage na jikinsu, ya duba ƙananan tayoyin gefe da ke riƙe tarago a kan hanya, ya duba takalman da ke gogar ƙarfen wuta suna ɗebo lantarki, waɗanda suke cinyewa a hankali kamar yadda birki yake cinyewa. Wani yana sama yana buɗe ƙofofi yana rufewa, yana auna daƙiƙun da kowace take ɗauka da ƙarfin da take matsawa, tunda ƙofofi suna cikin abubuwan da suka fi jawo tsaiko a irin waɗannan jirage. Duk wannan aiki ne da ɗan ƙasa mai horo zai iya yi ba tare da jiran kowa ba. Sai na ukunsu ya jona kwamfuta a akwatin da ke tuƙa taragon, ya sauke jerin kurakuran da na'urar ta rubuta cikin yini, ya ga wani allon lantarki yana ta kawo ƙorafi ɗaya. Ba ya buɗe allon ya gyara, domin abu ne da ya shafi lafiyar fasinja, kuma taɓa shi yana zubar da shaidar amincin da aka ba jirgin. Abin da yake yi shi ne ya zare shi, ya ɗauko wani daga kantar ma'aji ya sa, ya naɗe wanda ya lalace a aika masana'anta. Tambayoyin da kwangila take amsawa a wannan daƙiƙa su ne: akwai wani allon a kan kanta, guda nawa ne, na waye su, kuma kwana nawa wanda aka aika zai yi kafin ya dawo? Kwamfutar da ke hannunsa ma, lasisin manhajarta da kalmar sirrinta na filin jirgin ne, ko ranar da kwangila ta ƙare za su daina aiki?

Maganar kwanaki tana da tarko da ya fi kama ƙasar da ba ta da teku. Kamfani yana iya alkawarta kawo kaya cikin kwana 30, amma idan ƙirgar tana ƙarewa a bakin ƙofar masana'antarsa, jigila da duwan da duk jinkirin hanya a wuyan mai saye suke. Abin da ya kamata a nema shi ne ƙirgar ta ƙare ranar da kayan ya hau kanta a Yamai, ita kuma gwamnati ta ɗauki alkawarin fitar da shi daga duwan cikin ƴan kwanaki. Mun ga dalili bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, lokacin da takunkumin CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ya rufe hanyar Kwatano, kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina Faso, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu, jiragen Air France kuma suka daina sauka Yamai. Kusan kowace kwangila tana da sakin layi a kan abin da ya fi ƙarfin mutum, kamar yaƙi da annoba da takunkumi, wanda yake sauke wa kamfani alkawarinsa muddin halin yana nan. Ba za a iya hana kamfani wannan kariya ba, amma za a iya rage illarta ta hanyar tara kayan da za su isa shekara ɗaya ko biyu a cikin ƙasa, da samun ma'aikatan gida da za su iya riƙe jirgin ko baƙon injiniya bai zo ba. Kuɗin da ake biya da shi ma abin dubawa ne: sefa a ɗaure take da yuro a kan 655.957, don haka kwangilar yuro ba ta hawa da sauka a kanmu, ta dalar Amurka ko ta yen kuwa tana yi, kuma kusan kowace doguwar kwangila tana da ƙa'idar ƙarin farashi duk shekara da aka jingina da albashi da farashin kaya na ƙasar maƙerin.

Babbar barazana ga waɗannan jirage ita ce a daina ƙera abin da ke cikinsu. Hanyar siminti tana iya kai shekara 50, jikin tarago ya kai 25 ko 30, amma kayan lantarki da ke cikin akwatin tuƙi sukan ɓace daga kasuwa tun jirgin bai kai rabin ransa ba, saboda masana'antun da ke yin su suna bin kasuwar waya da kwamfuta ne, ba su damu da ɗan abin da jiragen filayen jirgin sama suke saye ba. Birmingham ta Ingila ta ga wannan da idonta. A 1984 ta buɗe jirgin da ke shawagi bisa ƙarfin maganaɗisu tsakanin filin jirgi da tashar jirgin ƙasa, tazarar kimanin mita 600, irinsa na farko da ya ɗauki fasinjoji a matsayin sufurin yau da kullum a duniya. A 1995 aka rufe shi, domin kayan lantarkinsa sun tsufa kuma ba a samun madadinsu, aka koma jigila da bas har 2003 da aka kafa na igiya na Doppelmayr a kan hanyar. A Kuala Lumpur ta Malesiya, jirgin da aka buɗe tare da filin a 1998 ya tsaya a tsakiyar hanya ranar 1 ga Maris 2023 da fasinjoji 114 a ciki, aka dakatar da shi baki ɗaya, kuma sai ranar 1 ga Yulin 2025 sabon ya fara aiki, fiye da shekara biyu ana kwasar mutane da bas a ɗaya daga cikin manyan filayen Asiya. Waɗannan ƙasashe ne masu kuɗi da injiniyoyi. Abin da kwangila za ta iya yi a nan shi ne ta wajabta wa kamfani ya riƙa sa ido a kan kowane kaya, ya sanar da wuri idan za a daina yin sa, ya ba da damar sayen na ƙarshe a ajiye, kuma ta faɗi wanda zai biya kuɗin sake tsara madadi da sake gwada amincinsa, domin wannan kuɗin ya fi na kayan kansa nesa ba kusa ba. Haka kuma babban garambawul na tsakiyar rai da sauya taragu a ƙarshe ba su cikin kuɗin wata-wata sai an rubuta su, kuma mai filin da bai fara ware musu kuɗi tun shekarar farko ba zai iske su sun zo masa a lokacin da aljihu ba ya da komai.

Manhaja tana da nata babin. Kamfani ba ya sayar da asalin rubutunta, izinin amfani kawai yake bayarwa, kuma yana da hujja, tunda dukiyarsa ce kuma shi zai amsa tambaya idan taragu biyu suka yi karo. Abin da aka saba yi don kare mai saye shi ne a ajiye kwafin rubutun da zanen kayan a hannun wani amintacce na uku, wanda zai miƙa su ga mai filin idan kamfanin ya karye ko ya daina tallafa wa wannan samfuri. Ajiyar ba ta da amfani idan ba a sabunta ta duk lokacin da aka sauya manhajar, kuma ba a gwada an ga abin da aka ajiye yana tashi ba. Bayanan da jirgin yake tarawa a kan kansa su ma ya kamata a rubuta cewa na mai filin ne, domin da su ake lissafin tara, da su kuma wani kamfani zai iya sa farashi idan an zo sabunta kwangila. Layin intanet da maƙeri yake leƙen jirgin daga nesa yana rage jiran injiniya ƙwarai, amma ƙofa ce cikin na'urar da ke ɗauke da rayuka, don haka mabuɗinta a hannun filin jirgi ya kamata ya zauna, a buɗe da izini, a rubuta wanda ya shiga da abin da ya taɓa.

Nahiyarmu tana da nata darasin, ko da yake ba a kan jiragen cikin filin jirgin sama ba ne. Jirgin birnin Addis Ababa ya fara aiki a 2015 da jirage 41, cikin ƴan shekaru fiye da rabinsu suka tsaya saboda rashin kayan gyara da kuɗin waje na sayen su. Na Abuja, wanda ya haɗa gari da filin jirgin sama, an buɗe shi a Yulin 2018, ya tsaya a 2020, bai dawo ba sai Mayun 2024. Mu ma muna da layin Yamai zuwa Doso, kimanin kilomita 140, da aka ƙaddamar a Janairun 2016 kuma bai zama hanyar sufurin jama'a ba. Dalilan kowanne dabam ne, amma a dukkansu kuɗin gini ya samu, abin da zai riƙe aikin bayan biki shi ne ya gagara. Masu ba da bashi sun fi son biyan gini a kan biyan kulawa, kuma kasafin kuɗin gwamnati na shekara-shekara ne alhali alkawarin kulawa na shekara goma ne ko fiye.

Adalci ne a faɗi cewa kamfanonin ma suna da abin da suke tsoro. Wanda aka ce ya ɗauki alhakin kashi 99.5 a wurin da zafi yake haura digiri 40 a watannin Afrilu da Mayu, ƙurar hunturu tana toshe matatun iska, wuta tana ɗaukewa, kuma biyan kuɗi yana iya makara wata shida, dole ya sa duk wannan a cikin farashinsa. Mai filin da yake son farashi mai sauƙi sai ya ɗauke wa kamfani abin da shi ya fi iya riƙewa: ya tabbatar da wuta, ya buɗe asusu na musamman da wani kaso na kuɗin da fasinjoji suke biya zai riƙa shiga don kulawa kawai, ya kuma ba da bayanan yanayi na gaskiya tun lokacin tsara na'urar, don a zo da matatu da na'urorin sanyaya da suka dace. Kwangilar da aka matse kamfani a cikinta har ya rasa riba takan ƙare da janye ƙwararrun ma'aikatansa a bar masu araha.

Abin da na fi damuwa da shi shi ne sakin layin horarwa, domin shi ne aka fi rubutawa da kalmomi masu daɗi marasa ma'auni. A ce kamfani zai horar da ƴan ƙasa bai isa ba. Sai an faɗi mutum nawa, a kan wane aiki, wa zai yi musu jarrabawa, a wace shekara ɗan ƙasa zai karɓi shugabancin gareji da na ɗakin sarrafawa, kuma a ɗaure wani ɓangare na kuɗin kamfani da cikar wannan. Littattafan gyara su zo da Faransanci, tunda da shi masu fasaharmu suka yi karatu, kuma a riƙa sabunta su. Ba mu rasa tushe ba: a Yamai makarantar EAMAC take, ta ASECNA, hukumar da ke kula da zirga-zirgar jiragen sama a wasu ƙasashen Afirka, wadda tun 1963 take horar da ƴan Afirka a fannin jiragen sama da yanayi, cikinsu har da masu kula da na'urorin lantarki na filayen jirgi, ga kuma makarantar EMIG da ke yaye injiniyoyi. Abin da yakan ɓace shi ne riƙe wanda aka horar, domin matashin da ya ƙware a kan irin wannan na'ura kasuwarsa a buɗe take har ƙasashen Larabawa, kuma idan albashinsa bai kama hanya ba, horon da aka biya wata ƙasa zai amfana.

Duk waɗannan sharuɗɗa, farashin kayan gyara na shekaru masu zuwa, da ajiyar manhaja, da jadawalin horarwa, da ƙa'idar sabuntawa, a cikin takardar gasar farko ya kamata su shiga, a auna kamfanoni a kan jimillar kuɗin shekara 25 maimakon kuɗin kafawa kaɗai, tunda wanda ya fi araha ranar saye yana iya mayar da abin da ya sauke ta hanyar tsadar kaya. Inda kuma aka ba wani kamfani filin ya gina ya tafiyar, kamar yadda aka yi da Summa na Turkiyya, wanda ya sabunta filin Diori Hamani a kan kimanin yuro miliyan 154, aka buɗe shi a Yunin 2019 gab da taron ƙolin Tarayyar Afirka, bisa yarjejeniyar shekara 30, kwangilolin kulawa suna tsakanin mai tafiyarwa ne da maƙera, ƙasa kuwa ranar miƙawa take gadon su. Na'urorin da aka kafa a 2019 za su buƙaci sauyi aƙalla sau ɗaya kafin wannan rana ta zo. A irin wannan yarjejeniya akan rubuta cewa shekaru kaɗan kafin ƙarshe wani injiniya mai zaman kansa zai binciki kowace na'ura ya ƙiyasta shekarun da suka rage mata, a riƙe wani kuɗi har sai an gyara abin da ya gaza, sannan a miƙa wa hukumar ƙasa lasisin manhaja, da kayan da ke ma'aji, da tarihin gyaran kowace na'ura, da ikon ci gaba da kwangilolin maƙera a kan farashin da ake biya a lokacin.